Kwalliyar Aro a Ardul Liwa

Mawada ba ta taɓa shiga wani al'amari da tunanin za ta faɗi ba. Tun tana malamar firamare a Gadarif, can ƙasar Sudan, haka take: idan ta ce za a yi abu, to a fara share wuri kawai. Yaƙi ya koro ta Alƙahira da jaka ɗaya da takardun koyarwar da babu mai tambayarsu, amma wannan hali nata ya biyo ta har cikin mota. Wata huɗu da sauka ta buɗe gidan rainon yara a unguwar Ardul Liwa, inda Hausawan Sudan irinta suka cika lungu-lungu.

Kada ka ji an ce gidan raino ka zaci wani abin a zo a gani ne. Ɗaki ɗaya ne a ƙarƙashin ƙasa, irin wanda mutanen Masar ke kira badrom, a gindin wani bene mai hawa tara. Sai ka sauka matakala goma sha ɗaya kafin ka kai ƙofar. Tagar ɗaya ce tak, can sama kusa da rufi, ba a ganin komai ta cikinta sai ƙafafun masu wucewa da tayoyin tuk-tuk, keke mai ƙafa uku. Bangon gabas kullum a jiƙe yake, don bututun ruwan benen duk ta nan ya bi, har ya yi baƙi ƙirin yana fitar da wani gashi-gashi. A nan yara ashirin da uku suke wuni. Uwayensu kan kawo su bayan sallar asuba, su ruga su kama mota zuwa Dokki aikatau a gidajen masu hali, ba su dawowa sai an yi magariba.

Tarin yaran shi ne ya hana Mawada sakat. Da sanyin hunturu ya shigo, ɗakin ya koma kamar kasuwar tari, wannan ya aje wancan ya ɗauka. Wadda ta fi jin jiki ita ce Rayan, 'yar shekara biyu da rabi, ɗiyar wata matashiya mai suna Israa. Likita ya gaya wa Israa ƙarara cewa in ba a fitar da yarinyar daga danshi ba, ƙirjinta zai lalace lalacewar da ba ta gyaruwa. To a fitar da ita a kai ta ina? Israa ba ta da kowa a garin, kuma in ta zauna gida ran nan ba za su ci ba.

Maganin kuwa yana nan a cikin benen, a hawa na huɗu. Wata shaƙƙa ce, wato sashen haya, mai ɗaki biyu da falo, babu kowa ciki, tagoginta suna kallon layin dogo, inda babu ginin da ya tare rana. Maigidan ya ce zai riƙe wa Mawada ita zuwa ƙarshen wata idan za ta kawo hayar shekara guda. In wata ya mutu ba ta kawo ba, akwai masu jira a layi.

Israa ce ta kawo labarin gidauniyar. A benen da take goge-goge a Dokki akwai wani ɗan ofis na wata gidauniya ta cocin Methodist, wadda duk shekara take raba tallafi ga ƙananan ƙungiyoyin unguwa masu aikin taimako. Mawada ta karanta takardar sau biyu da idon malama, ba ta ga inda aka tambayi addinin kowa ba, ko aka ce a koya wa yara wani abu. Ta kuma nuna wa wani ɗalibin ilimi ɗan Zariya da ke ba su salla, ya ce bai ga laifi ba. Sai ta zauna ta cike fom ɗin da Larabcinta na aji, ta rubuta danshi, ta rubuta tari, ta rubuta shaƙƙar hawa na huɗu. Rubutu ba wuya, takarda ba ta kallon mutum a ido. Bayan kwana goma amsa ta zo: wani jami'insu, Ustaz Ayman, zai zo ranar Talata ya ga wurin da idonsa.

"Khalas, shi ke nan, mun samu," in ji Mawada. "Wanda ya taso ya zo har ƙofarka ai ya riga ya yarda rabi."

Akwai wata tsohuwa da ke taya ta riƙon jarirai, kowa Inna yake ce mata. Ta haura saba'in, 'yar garin Mai Wurno ce ta can Sudan, kuma ba a yin komai a lungun ba tare da an ji ta bakinta ba. Da ta ji baƙo na tafe, sai ta dubi kwalayen da aka shimfiɗa a ƙasa da tabarmi biyu da suka zazzage, ta riƙe haɓa.

"Mawada, baƙo zai taso daga wurin manya ya tarar da mu a kan kwali? Ba da ni ba. Kakana da ƙafa ya taso daga Sakkwato, ya sha yunwa a hanya, amma bai taɓa barin baƙo ya ga gindin tukunyarsa ba."

Da a ce Mawada ta yi gardama da an yaba mata, amma ƙarya ba kyau, ita ta fi kowa zaƙewa. A tunaninta, babu mai ba da dukiyarsa ga wurin da ya yi kama da juji. Mutum zai ba wanda ya ga alamar ya iya riƙo ne. Ga kuma kunya, wadda ita ce ainihin dalilin, ko da yake ba ta faɗa wa kanta haka ba.

Nan fa lungu ya ɗauka. Mai sayar da turare ta ba da aron darduma uku masu laushi. Wata makaranta a bayan layi ta ba da ƙananan kujerun roba masu launi-launi. Uwar ɗakin Israa ta ba da kwandon kayan wasan da jikokinta suka gaji da su, da sharaɗin a mayar. Aka samo hita biyu, aka samo allo. Bangon gabas kuwa Inna da kanta ta sa aka rataya masa wani makeken labule mai ruwan zinariya, daga rufi har ƙasa, wanda aka yi bikin wata yarinya da shi bara. Tun ranar Litinin aka fara turara ɗakin da turaren wuta na Sudan, irin wanda in ya kama tufa sai an yi wanki uku. An ce kayan aro ba ya rufe katara. To na Inna ya rufe katara, ya rufe gwiwa, har ya sauko idon sawu.

Saura abu ɗaya. Da safiyar Talata Mawada ta dubi Rayan da wasu yara uku da tarinsu ya fi tsanani, ta ce a kai su ɗakin wata maƙwabciya su wuni. "Kada su dami baƙo," in ji ta, kuma babu wadda ta ga aibun maganar.

Ustaz Ayman ya iso da hantsi. Siririn mutum ne mai tabarau, ya kai hamsin, da ɗan littafi a hannu da takalmin da ya sha ƙurar unguwanni. Ya sauko matakalar yana taka-tsantsan, da ya shigo sai ya tsaya cak. Yara goma sha tara cikin kayan salla, kowa a kan kujerarsa, suka yi masa maraba da murya ɗaya. Ɗumi ya buge shi, ƙamshi ya buge shi. Uwaye shida da suka roƙi rabin yini a wurin aiki suna zaune a gefe cikin laffayarsu ta fita kunya, hannuwa sun sha lalle.

"Ma sha Allah," in ji shi.

Kafin ya buɗe littafinsa an ajiye masa faranti. Agashe ne mai zafi, naman da aka gasa da ƙuli da yaji, ga kisra, siririyar wainar dawa ta Sudan, ga miyar kuɓewa, ga zoɓo mai sanyi. Ya ce ya karya a gida. Inna ta ce wannan a gida ne. Ya ci, ya ce ya ƙoshi, aka ƙara masa. Sai da gumi ya karyo masa sannan aka bar shi ya yi aikin da ya kawo shi.

Ya juya ga uwayen, ya tambaye su da Larabci a hankali: "Ku gaya mini, me kuka fi buƙata a nan? Me kuka rasa?"

Suka dubi juna. Wace ce za ta buɗe baki a gaban namiji baƙo, a gaban maƙwabtanta, ta ce ta rasa? Ta farko ta ce, "Alhamdu lillahi." Ta biyu ta ce, "Muna cikin rufin asiri." Israa, wadda ɗiyarta ke can tana tari a ɗakin maƙwabta, ta sunkuyar da kai ta ce, "Kullu tamam, komai daidai, ya Ustaz. Khala Mawada ba ta rage mu da komai ba." Khala, wato anti, haka ake kiran Mawada a lungun.

Ya duba takardarsa. "Madam Mawada, kin rubuta maganar danshi a bango."

"Ɗan abu ne," in ji Mawada, tana murmushi, tana tsaye daidai gaban labulen. "Ka san gini."

"Lafiyar yaran fa?"

"Ga su nan kana gani, garau."

Ya rubuta, ya ɗauki hotuna, ya shafa kan yara biyu, ya yi godiya har sau uku. Aka raka shi bakin titi da ƙunshin sauran agashe. Da tuk-tuk ɗinsa ya sha kwana, matan suka yi guɗa ƙasa-ƙasa. Inna ta ce ko gwamna ne ya zo iyakar abin da za a yi masa ke nan. Kafin la'asar kowa ya zo ya kwashi kayansa, aka naɗe labule, aka dawo da kwalaye, aka dawo da Rayan. Mawada ta kwana da farin ciki, har ta fara tsara inda za ta sa allo a hawa na huɗu.

Washegari Laraba, tana cikin dama wa yara kunu, wayarta ta yi ƙara. Ustaz Ayman ne. Ya sake yin godiya, ya ce matarsa ta yaba agashen. Sannan ya yi gyaran murya.

"Madam, ina so in gaya miki gaskiya tun kafin ki ji daga wani. A wurare goma sha huɗu da na zaga bana, naki ya fi kowanne tsari. Na rubuta haka a rahotona. Amma kwamiti zai zauna gobe Alhamis, kuma abin da ke hannunmu ba zai kai ga kowa ba. Za su fara da waɗanda ba su da komai. Akwai inda na je yara a ƙasa suke zaune, ma'alish, ki yi haƙuri." Ya ƙara da cewa, "Har ina tunanin in turo wasu su zo su koyi tsari a wurinki."

Mawada ta ce to, ta ce ta gode, ta ce Allah ya saka. Ta ajiye wayar ta tsaya da ludayi a hannu. A bayanta Rayan ta sarƙe da tari, irin mai fito a ƙarshe. Mawada ba ta ji haushin Ayman ba, mutumin abin da aka nuna masa ya rubuta. Kanta ta ji haushi. Da hannunta ta ɗauki yarinyar nan jiya ta ɓoye ta kamar abin sata, a ranar da ya kamata a ce ita aka fara gani.

Ba ta gaya wa Inna komai ba, don ta san abin da za a ce: haƙuri, rabo, wata shekarar. Rayan ba ta da wata shekarar a wannan ɗaki. Ta ce za ta je ta dawo. Hannunta har ya kai kan laffayarta mai kyau, sai ta tsaya, ta yi tsaki, ta fita da ta jikinta mai tabon kunu a gefe.

Ta haye gadar layin dogo da ƙafa, ta shiga ƙaramar bas zuwa Dokki. A hanya ta shirya jawabi tsaf, mai farko da tsakiya da ƙarshe, kamar darasi. Da ta hau ofishin, ɗaki biyu ne da tarin fayiloli da wata 'yar fanka a kusurwa, ta zauna gaban teburin Ayman, sai jawabin ya gudu ya bar ta.

"Dardumar ba tamu ba ce," abin da ya fito ke nan.

Ya cire tabarau. "Na'am?"

"Dardumar, da kujerun, da hitar, da kayan wasan. Duk aro ne. Labulen nan da na tsaya a gabansa, bango ne a bayansa yana zubar da ruwa. Yara huɗu na ɓoye maka, masu tari."

Ya daɗe yana kallonta. Fuskarsa ba ta nuna fushi ba, amma ta rufe. "Madam, na riga na sa hannu a rahoto. Kina so in shiga gaban kwamiti gobe in ce an yi mini wasan kwaikwayo ban gane ba?" Ya juya biro a hannunsa. "Kuma ki yi mini afuwa, dole in tambaya. Jiya an shirya mini ɗaki don in ga kuna da shi. Yau kin ji abin da kwamiti ke nema. Ta yaya zan san ba za a shirya mini wani ɗakin don in ga ba ku da shi ba?"

Maganar ta yi mata zafi, don ba a taɓa ce mata maƙaryaciya ba, ko a fakaice. Amma ta san ita ta ba da ƙofa. Ta zaro wayarta daga jaka ta ɗora a kan teburinsa.

"Riƙe wannan. Babu wanda ya san na zo nan, kuma ba zan iya kiran kowa ba. Tashi mu tafi yanzu, ka riga ni shiga. Abin da ka tarar shi ne mu."

"Ina da aiki har ƙarfe huɗu."

"Zan jira."

Ta kuwa jira, awa uku a kan benci, hannu a naɗe, ba ta ko tashi shan ruwa ba don kada a ce ta fita ta aika saƙo. Ƙarfe huɗu da 'yan mintoci ya fito da littafinsa, ya sa wayarta a aljihun rigarsa, ya ce, "Yalla, mu je."

Cunkoson yamma ya riƙe su a hanya, ba su isa lungun ba sai dab da magariba. Mawada ta ja baya a bakin matakala ta nuna masa hanya da hannu. Tun a mataki na biyar warin ya tare shi, warin rima da fitsarin yara da tsohon turare da ya gaji. Ya tura ƙofar.

Ƙwan lantarki ɗaya ne ke ci. Yara ashirin da uku a kan kwali da yagaggun tabarmi, wasu na barci a jikin wasu don ɗumi. Bokiti a gindin bangon gabas yana karɓar ɗigo. Bangon kansa ga shi nan tsirara, baƙi, yana ƙyalli. Inna na zaune a ƙasa da jariri a cinya, ɗankwalinta ya zame. Da ta ga wanda ya shigo sai ta yi wuf ta gyara ɗaurin, ta miƙe da ƙyar, ta yi masa maraba da fara'ar da ba ta kai ido ba. Sannan ta juya ga Mawada da Hausa, murya ƙasa, yadda baƙon ba zai ji ba.

"Me kika yi mana haka? Kin kawo mutum ko ruwan shayi babu? Kin tsiraita mu, Mawada. Gobe da wane ido za mu kalli mutane?"

"Inna, ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

"Wankan wa? Mu muka ce miki muna da dauɗa?"

"Ki yi haƙuri, Inna. Ki yi fushi da ni, na ɗauka. Amma yau sai ya gani."

Ayman ya je ya dafa bangon, ya dubi tafin hannunsa, ya goge a wando. Ya nemi wurin zama bai samu ba, sai ya tsuguna a kan kwali. A daidai lokacin uwaye suka fara saukowa daga aiki, ɗaya bayan ɗaya, da kayan aikatau a jiki da ledar burodi a hannu, babu lalle babu laffayar fita kunya. Duk wadda ta shigo ta gan shi sai ta daskare a bakin ƙofa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Kunya ta cika ɗakin har ta fi warin yawa.

Ya buɗe littafinsa, ya yi tambayar jiya, da murya ƙasa da ta jiya. "Me kuka rasa?"

Mawada ta ga bakin wata ya fara haɗa alhamdu lillahi, ta san in aka bari ya fito an koma gidan jiya. Ita ce babba, ita ta jawo, ita za ta fara. Ta taɓa tsayawa gaban sufeto da aji mai yara tamanin ba ta ji komai ba, amma yau abin ya yi mata nauyi.

"Mun rasa rana," in ji ta da Larabci, da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Mun rasa busasshen bango. Mun rasa abin shimfiɗa. Bargo huɗu gare mu, yara ashirin da uku. Ni da nake tsaye a nan, ban san abin da zan yi da su ba idan wata ya mutu. Alhamdu lillahi a kan kowane hali, amma mun rasa."

Ba ta mutu ba. Ta lura da haka da ɗan mamaki. Ƙasa ba ta tsage ba, kuma babu wadda ta yi dariya.

Sai Israa ta ratso ta tsakanin mata. Ta ɗauki Rayan daga kan kwali, ta durƙusa gaban Ayman, ta ɗaga rigar yarinyar ta juya masa bayanta.

"Sa kunnenka, ya Ustaz."

Ya ajiye biro, ya kara kunnensa a bayan yarinyar. Ɗakin ya yi tsit, har ana jin ɗigon bokiti. Ba a buƙatar likita kafin a ji abin da ke cikin ƙirjin nan, kowane numfashi da kurarinsa yake fita. Israa na kallon bango, hawaye na zuba, ba ta share ba.

"Jiya na ce maka tamam," in ji ta. "Ba tamam ba ne."

Daga nan bakin sauran ya buɗe. Wata ta ce nata ɗan sau biyu ana kwantar da shi a wata guda. Wata ta ce tana barin aiki da rana a ɓoye ta zo ta duba ko nata yana numfashi. Ayman yana rubutu har ya juya shafi uku. Da ya gama ya miƙe, ya ciro wayar Mawada ya miƙa mata da hannu biyu.

"Mahaifiyata a ƙauyenmu na Sa'id, can kudancin Masar," in ji shi, "in baƙo ya zo, kazarta ɗaya tak take yankawa, mu kwana biyu muna cin gishiri da burodi. Ya kamata in gane tun jiya, da na ga nama ya yi yawa." Ya sa littafin a aljihu. "Zan sake rahoton, zan kuma faɗi yadda aka yi duka, har da nawa sakacin. Ban yi miki alkawarin komai ba, kwamiti ne mai yankewa."

"Ka faɗi abin da ka gani kawai," in ji Mawada. "Ya isa." Kuma har cikin ranta ta san ya isa.

Ranar Alhamis bayan la'asar ya kira. Kwamiti ya amince da hayar shekara, da barguna, da kuɗin ganin likita ga yara huɗun. Ya ce an yi muhawara, wani dattijo a cikinsu ya yi dariya har ya share hawaye, sannan ya fara ɗaga hannu.

Inna ba ta yi guɗa ba. Mako guda cur gaisuwa kawai ke haɗa su da Mawada, ita ma a taƙaice. A lungu ma an yi maganganu, wasu na cewa malama ta je ta yi bara da sunan unguwa. Abin ya yi wa Mawada ciwo, ba ta ɓoye ba, don tana ƙaunar tsohuwar kamar uwar da ta haife ta. Amma ba ta ba kowa haƙuri a kan abin da ta yi ba, ta dai ci gaba da kai wa Inna shayinta da safe.

Ranar tashi ba a nemi mota ba, ba a nemi ɗan dako ba. Tabarmi biyu, tukunya, bokiti, ludayi da kofuna, hawa ɗaya aka yi da su. Inna ta hau a hankali tana hutawa a kowane hawa, tana mita a kan masu gina bene ba su tuna da tsofaffi. Da ta kai, ta leƙa ɗakunan, ta shafa bango ta ji shi a bushe, ta samu wuri kusa da taga ta zauna ta miƙe ƙafa.

"Ni dai ban ce mun rasa ba," in ji ta, ba tare da ta kalli kowa ba. "Ke kika ce."

"Ni na ce, Inna."

"To. Miƙo min yaron nan."

Da azahar, bayan an ci abinci, aka shimfiɗa sababbin barguna don barcin rana. Rana ta shigo ta tagar yamma ta kwanta a tsakiyar falon, faffaɗa, mai ɗumi. Mawada ta ɗauki Rayan ta kwantar da ita a daidai wurin, ta ja mata bargo zuwa ƙirji. Yarinyar ta runtse ido, ta juya nan, ta juya can, ta sa hannu ta kare fuska. Can ta ɗago kai ta nuna tagar da yatsa, cikin muryar mai jin barci.

"Khala, kashe wutar."

Mawada ta buɗe baki za ta yi dariya, sai ta fasa. Ta durƙusa ta gyara mata bargon.

"Wannan ba a kashe ta, 'yar nan," in ji ta. "Kwanta, za ki saba."